Wai soja ba ya tunani, oda kawai yake bi? Amsa ga ɗanmu mai shirin shiga NDA

Wani yaro daga nan Jos ya turo min tambaya, ya ce sunansa ya fito cikin waɗanda za su tafi NDA, makarantar horar da hafsoshin sojan Najeriya, amma yayansa yana ta yi masa dariya wai soja ba ya tunani, oda kawai yake bi, to in haka ne me ya sa ake cewa ana koyar da shugabanci da zurfin tunani a can? Ya kuma ce abin da ya fi damunsa shi ne yadda yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai zai fito da anini a kafaɗa ya shugabanci saje da ya kusa haifarsa, sannan ya tambaya me ya kamata ya fara yi kafin a kira su.

To ɗana, da farko Allah ya sanya alheri, ya sa a shiga lafiya a fito lafiya. Na daɗe ina koyar da yara irinka kafin in ajiye kaki, kuma wannan maganar ta yayanka na sha jinta har ta zama min abin dariya. Ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba fa, rabin labarin ya ji.

Watanninka na farko kam ba wanda zai tambaye ka ra'ayinka. Haka abin yake a NDA tun da aka buɗe ta a Kaduna a 1964, haka yake a Depot ɗin Zariya da ke fitar da kurata tun 1924. Za a aske maka kai, a tashe ka cikin dare, ka yi gudu, ka yi fareti har ƙafarka ta daina jin ƙasa, ka kwance bindiga ka haɗa, ka sake kwancewa ka sake haɗawa, kana tambayar kanka wai wannan wahalar ta mece ce. Dalilin shi ne ranar da harsashi ya fara wucewa ta gefen kunnenka hannu rawa yake yi, baki ya bushe, kai ya ɗau zafi, abin da ka sani jiya da safe sai ka neme shi ka rasa. Abin da ke saura shi ne wanda jiki ya haddace. In bindiga ta cije, hannu ya san abin da zai yi ba sai an yi shawara da ƙwaƙwalwa ba. Kamar direban tirela ne da ke gangara Hawan Kibo, in har sai ya tsaya tunanin inda giya take to ba zai ga kwanar da ke gabansa ba, hannu da ƙafa su yi nasu, ido da kai su zauna a kan hanya. Wahalar farko ana yin ta ne don a sauke wa kanka ƙananan kaya, ya samu sararin ɗaukar manya.

Manyan kayan kuwa ga su. Wanda ya ba ka oda ba ya wurin da kake tsaye. Ya ba da ita ne da yamma a ofis, da taswira a gabansa da labarin da ya samu a lokacin, kai kuma za ka aiwatar da ita ƙarfe biyun dare a wani wuri da abubuwa sun riga sun canza. Sojojin duniya sun daɗe da gane wannan. Bayan Napoleon ya ragargaza rundunar Furushiya, wata daular Jamusawa, a Jena a 1806, Jamusawan suka zauna suka duba me ya ci su, ɗaya daga abin da suka gano shi ne hafsoshinsu sun saba jiran a ce musu yi kafin su motsa. Daga nan sannu a hankali, musamman zamanin Moltke wanda ya riƙe babban hafsan hafsoshinsu daga 1857 zuwa 1888, suka kafa tsarin a gaya wa na ƙasa abin da ake so a cimma da dalilinsa, a bar masa yadda zai yi. Yau kusan duk makarantar soja, har da Jaji, ana koyar da wannan, kuma shi ya sa za ka ji malamai suna ta nanata niyyar kwamanda, niyyar kwamanda. Ana so ka san abin da ogan ka yake nufi, har da na ogan oganka, don ranar da rediyo ta mutu ko abin da aka tsara ya wargaje ka san ta inda za ka ɓullo.

Bari in kawo maka shi gida. A ce an sa dokar hana fita a Jos, ka san dai ba baƙon abu ba ne a garin nan, tun 2001 muke gani. An ba ka yara goma da shinge a kan hanya, oda ita ce kada mota ko ɗaya ta wuce. Ƙarfe biyu da rabi sai ga wata tsohuwar Golf ta taho a hankali da fitilar haɗari a kunne, mutum ya fito hannu sama yana rantsuwa, a kujerar baya matarsa ce naƙuda ta zo da gardama, wata dattijuwa ta riƙe mata kai, zanin duk jini, suna son kaiwa JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a Lamingo. Ka kira sama, layi ba ya shiga. Me za ka yi? Wanda bai da kai zai ce oda oda ce, su koma. Wani marar kan kuma, irin mai saurin tausayi, zai ɗaga shinge da gudu ba tare da ya leƙa but ba. Wanda aka horar zai tambayi kansa, me ya sa aka ce kada mota ta wuce? Don kada a yi safarar makamai da 'yan ta da zaune tsaye daga wannan unguwa zuwa waccan. Mai naƙuda tana cikin wannan? A'a. Amma ana iya fakewa da mai naƙuda? Ƙwarai kuwa. Sai ya sa yara biyu su tsare, a haska mota, a buɗe but, a duba ƙarƙashin kujera cikin minti biyu, ya rubuta lambar mota da lokaci, in da hali ya sanar da shinge na gaba ko ya haɗa su da rakiya, layi na dawowa ya kira oga ya ce ga abin da na yi ga dalilina. Bai karya niyyar odar ba, bai kuma bar mace ta mutu a gabansa ba. Kuma ka lura da na ƙarshen nan, ya faɗa da bakinsa. Wanda ya yi gaban kansa ya ɓoye, wannan rashin ɗa'a ne, ko da abin ya yi kyau.

Akwai kuma odar da ba a bi sam. Dokar sojojin Najeriya da kanta halastacciyar oda ta ce a bi, kuma tun shari'ar Nurembag bayan Yaƙin Duniya na Biyu duniya ta tsaya a kan cewa "sa ni aka yi" ba ta wanke mutum daga kisan bayin Allah. A ƙauyen My Lai na Biyetnam, ranar 16 ga Maris 1968, sojojin Amurka sun kashe ɗaruruwan mutane, mata da yara da tsofaffi, wani matuƙin helikwafta Hugh Thompson ya sauke jirginsa tsakanin 'yan uwansa sojoji da mutanen ƙauyen ya kwashe waɗanda ya iya. Laftanar ɗin da ya jagoranci kisan, Calley, kotun soja ta kama shi da laifi a 1971, shi kuma Thompson sai bayan shekara 30 aka ba shi lambar yabo, kafin nan zagi ya sha. Amma don Allah kada ka ɗauki wannan ka shiga NDA kana gardama da kowa wai kai mai tunani, za ka sha wuya a banza. Odar da ba ka so daban, odar da ta haramta daban. A ce ka share fili da tsakar rana ko ka yi gadi ranar Sallah, wannan ba ka so ne kawai, yi za ka yi. Irin ta biyun mutum zai iya gama aikinsa kaf bai gamu da ita ba, sai dai ya kamata ya san kamanninta tun kafin ta zo.

Shi zurfin tunanin da ake ta faɗa, ba wani abu ba ne mai tsawon suna, a aikace tambayoyi ne 'yan kaɗan da za ka saba yi wa kanka har su zama jiki. Mu nan Filato babban abin da ke gwada ƙaramin hafsa shi ne waya. Tun da aka kafa STF, rundunar haɗin gwiwa ta wanzar da zaman lafiya a Filato, a 2010 duk wanda ya yi aiki a Riyom ko Barikin Ladi ko Bassa zai gaya maka, dare ya yi wayarka za ta yi ƙara, murya na rawa, "ga su nan zuwa, sun fi ɗari, sun kewaye mu". Wani lokacin gaskiya ne kuma minti goma na jinkiri rayuka ne. Wani lokacin wanda ya kira ma ji ya yi daga wanda ya ji. Wani lokacin kuma da gangan ake so a janye ka daga inda kake don a shiga ta bayanka, ko a kai ka cikin kwanton ɓauna. Dole ka iya tambaya cikin sanyin murya, kai ka gani da idonka ko gaya maka aka yi? Yaushe? Ta wace hanya, a ƙafa ko a babur? Ka ji harbi? Sannan ka kira wani mutum na biyu a ƙauyen da bai da alaƙa da na farko. Kuma ka san cewa kai ma zuciyarka tana da ɓangare, labarin da ya zo daga mutanen da kuke salla ko coci tare zai fi saurin shiga kunnenka, wannan halin ɗan Adam ne, aikin ka shi ne ka auna shi da ma'auni ɗaya da na ɗaya ɓangaren. Hafsan da ya kasa wannan a Filato ya gama yawo, gari ɗaya zai ce nasu ne, ɗayan ya ce abokin gaba ne, kuma duk biyun ba za su ƙara kawo masa labarin gaskiya ba.

A aji kuma za a koya maka auna hali kafin ka tsara komai, ƙasa yaya take, abokin gaba fa, me kake da shi a hannu, lokaci nawa ya rage. Malaman suna da wata tambaya da za ta ishe ka, duk abin da ka faɗa sai su ce "to sai me?" Ka ce akwai rafi a gabanmu. To sai me? Damina ce ya cika. To sai me? Mota ba za ta haye ba sai ta gada. To sai me? Gada ɗaya ce, duk mai son tare mu nan zai jira mu. Yawwa, yanzu ka fara magana. Yaran da suka fi haddar littafi su suka fi shan wahala a nan, don sun iya jero abubuwa amma ba su iya matse su har ruwa ya fito ba. Akwai kuma ƙa'idar lokaci da nake so ka riƙe tun yanzu, in an ba ka awa uku kafin a tashi, awa ɗaya ce taka, biyun na yaranka ne su shirya. Hafsan da ya cinye lokacin duka yana ƙawata tsari, ya fito saura minti goma yana ihu, wallahi ko tsarin ya kai me kyau ya riga ya kashe shi. In an dawo daga aiki kuma a zauna, me muka so yi, me ya faru, me ya sa, me za mu gyara, kuma a bar kurtu ya yi magana don shi ya ga abin da kai ba ka gani ba.

Yanzu maganar saje, wadda na ga ita ta fi tsaya maka a rai. Gaskiya ne za ka gama shekara biyar, a ba ka filatun mai mutum talatin ko sama da haka, a ciki akwai mai igiya uku da ya yi Sambisa ya yi bakin Tafkin Chadi tun kana firamare. Zai sara maka, zai ce maka oga, doka ce ta sa shi. Amma sati biyun farko kallon ka kawai suke yi, shi da yaran duka, kuma abin da suke dubawa ba shi da yawa: ka san aikinka, kana faɗin gaskiya, kuma in abu ya ɓaci kana tsayawa ko kana neman wanda za ka jingina wa. Kira sajenka gefe tun ranar farko, ka tambaye shi yaran nan wa ke da matsalar gida, wa ya daɗe bai je fas, wato hutun ganin gida, ba, wa ke da saurin hannu a kan kunama. Ka nemi shawararsa kafin ka yanke hukunci, ba a gaban yara ba, in kun fito kuma bakinku ɗaya. Kada ka taɓa disga shi a gaban na ƙasa da shi. Amma hukuncin naka ne, kada ka sakar masa filatun don kana jin nauyin furfurarsa, shi kansa zai raina ka in ka yi haka. Na ga yara masu ƙwaƙwalwa sun lalace ta hanyoyin nan biyu, wasu girman kai, wasu kuma son a so su.

Sauran shugabancin kuwa ƙananan abubuwa ne da ba a sa su a fim. An dawo daga doguwar tafiyar ƙasa, kowa ya zube, kai ma ƙafarka na zafi, amma sai ka sa a cire takalma ka bi su ɗaya bayan ɗaya da tocila kana duba tafin ƙafa, wa ya yi bororo, wa ya sa jiƙaƙƙiyar safa kwana biyu yana ɓoyewa. An kawo abinci, ka tsaya gefe sai kowa ya ɗiba kafin ka miƙa kwanonka, in bai isa ba kai ne za ka fara sani. Sanyin Disamba na Jos ka san shi, ƙarfe ukun dare ka tashi ka zaga wajen masu gadi, ba don ka kama mai barci kawai ba, ka tsaya minti biyar ka tambayi yaro ya jikin mahaifiyarsa da ya ce ba ta da lafiya. Zai manta laccar da ka yi musu, wannan ba zai manta ba.

Kada ka ɗauka wannan taushin zuciya ne. Kakanninmu da suka yi yaƙin Bama, wato ƙasar Burma a Yaƙin Duniya na Biyu, a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda saboda su ne ka ji barikoki da sunaye irin Chindit a Zariya da Arakan da Myohaung a Legas, sun yi aiki ƙarƙashin Janar Slim na Ingila. Da ya karɓi babbar rundunar da ke yaƙin can a 1943, a kan duk soja ɗaya da aka kwashe saboda rauni ana kwashe wajen 120 saboda ciwo, yawanci zazzaɓin cizon sauro. Maganin yana nan, sojoji ne ba sa sha. Sai ya ɗora laifin a kan kwamandoji, ya riƙa aika masu gwaji ba sanarwa, bataliyar da aka samu ba ta shan magani yadda ya kamata kwamandanta ya sauka. Uku ya tsige, sauran suka shiga taitayinsu, ciwo ya ja baya. Kula da yara aiki ne da ake tsige mutum a kansa.

Ƙwarin gwiwa kuma, abin da sojoji ke ce wa moral, mutane suna zaton waƙa ce da ihu a fareti. Waƙa tana da amfaninta, tana ɗauke gajiya a gudu. Amma binciken da aka yi a kan sojojin Jamus da aka kama a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka buga a 1948, ya nuna yawancinsu ba aƙidar Hitila ce ta riƙe su a fagen daga ba, 'yan uwansu na ƙaramin rukuni ne da kuma na gaba da su da suka yarda da shi. Soja yana tsayawa ne don kada ya ba na kusa da shi kunya. Sai dai wannan yana da ƙasan da yake zaune a kai, alawus ya zo a kan lokaci, abinci, harsashi, a canza mutum in wa'adinsa ya cika, in ya faɗi a san iyalinsa ba za su wulaƙanta ba. Waɗannan ba su ke sa mutum jarumta ba, amma rashinsu yana cinye ta. Mun gani a barikin Maimalari na Maiduguri a watan Mayun 2014, da aka kawo gawarwakin sojojin da aka yi wa kwanton ɓauna a hanyar dawowa daga wajen Chibok, wasu sojoji suka buɗe wa motar kwamandan runduna ta 7 wuta. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa a watan Satumba na shekarar, daga baya a 2015 aka mayar da shi ɗaurin shekara goma. Tawaye laifi ne babba, ba mai kare shi, amma duk mai koyar da shugabanci ya san irin wannan ba a rana ɗaya yake tsirowa ba. A ɗaya gefen kuma ka tambayi duk wanda ya yi Arewa maso Gabas labarin marigayi Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, na tankokin yaƙi, wanda ya taka rawa wajen ƙwato Baga a 2015 kuma ya rasu a Malam Fatori a watan Nuwamban 2016, Allah ya jiƙansa. Abin da yaransa ke fara faɗa shi ne yana gaba tare da su. Kai ƙaramin hafsa ba ka da iko a kan alawus, amma kana da ikon bin takardar yaronka ofis ofis har a biya shi, kana da ikon raba gadi da fas da adalci ba tare da duba wannan ɗan garinmu ne ko muna jam'i tare ba, kuma in ba ka san yaushe za a canza ku ba ka ce ba ka sani ba, kada ka yi musu alkawarin ƙarya don su yi shiru yau.

Abin da za ka yi kafin a kira ku ba shi da yawa. Ka fara gudu da asuba tun yanzu, kai da ka tashi a Jos ma kana da riba, iskar tudu ta riga ta gina maka huhu, zafin Kaduna ne zai ba ka mamaki don haka ka saba da shan ruwa sosai. In kana da hali ka je wajen duwatsun Shere ka riƙa hawa, dama 'yan ajin ƙarshe na NDA sukan zo nan Filato atisayen Camp Highland, za ka dawo ka same su. Ka koyi wanki da guga da ɗinke maɓalli da hannunka. Ka gyara Turancinka na rubutu, don hafsa rabin aikinsa rahoto ne, kuma wanda bai iya rubuta abin da ya faru a layi biyar ba wani zai rubuta masa yadda ya ga dama. Ka samu taswirar Filato ka zauna da ita har ka iya kallon layukan tudu ka ga dutsen a ranka. Takardunka na asali kuma ka yi musu hoto ka bar kwafi a gida wajen mahaifiyarka, sannan ka je a duba maka haƙori da ido tun yanzu, kada sai ranar gwajin lafiya ka ji labari.